Na gwada dafa burkutu a gida ta koma ruwan tsami, ina na yi kuskure?

Danladi_Bukuru:

Jama'a barkanku da yamma. Wata 'yar matsala ce ta kawo ni, don Allah kada a yi mini dariya duk da na san sai an yi.

Watan jiya na je Abuja bikin wani abokina, bayan an tashi daga bikin sai samari suka ja ni wani waje a Wuse wai sai na ɗanɗana giyar kiraf, irin wadda ƙananan kamfanoni ke dafawa kaɗan-kaɗan. Aka kawo mini gwangwani ɗaya, ƙamshinta kamar an matse lemo da mangwaro a ciki amma da ka haɗiye sai ɗaci ya biyo baya kamar shuwaka, gaskiya ta yi mini daɗi ba zan ɓoye ba. Da aka kawo lissafi na ga gwangwani ɗaya naira 4,000 sai da na sake kallon takardar, na ɗauka na teburin gaba ɗaya ne. Na dawo Jos ina ta tunani, ita kanta kwalbar da muka saba sha lokacin da na fara aiki naira 250 ce, yanzu ta haura dubu a unguwarmu, to wai ni jikan mai dafa burkutu me zai hana in dafa abina a gida? Kakata har ta rasu sana'arta kenan, sai dai ni lokacin ƙwallo kawai na sa a gaba ban taɓa tsayawa na ga yadda ake yi ba.

Ga abin da na yi. Na sayi jar dawa mudu huɗu a kasuwar Bukuru, na jiƙa kwana biyu, na baza a kan buhu ta yi tsiro kwana uku, na shanya, na kai inji aka niƙa, na dama da ruwa na ɗora a wuta gaba ɗaya ya tafasa kamar awa ɗaya, da ya huce na zuba yis na burodi da sukari kofi biyu, na ɗura a kwalabe da robobi na rufe gam na tura ƙarƙashin gado. Dare na biyu wajen ƙarfe biyu muka ji fam! madam ta diro daga gado tana kiran Yesu ta ɗauka harbi ne, ashe kwalba ce ta fashe, har yau katifar tana wari. Sauran da suka tsira na buɗe bayan kwana biyar, tsami kamar ruwan tsamiya, ƙarfi kuma babu.

To ina na kauce? Kuma tsakani da Allah dafawa a gida ta fi saye araha ko wahalar banza zan yi? Sannan ita kiraf ɗin me ake zuba mata da take tsada haka?

Yaron_Terminus:

Hahaha oga Danladi ai bam ka haɗa ba giya ba, ka gode Allah 'yan sintiri ba su ji ƙarar ba da yanzu belinka muke nema. Ka gaishe da madam, ka ce muna mata jaje.

Anti_Laraba_Zonkwa:

Ɗana Danladi sannu da ƙoƙari. Na yi dariya amma ka burge ni, yaran yanzu kunyar sana'ar iyayensu suke ji. Mamata ta yi shekara sama da talatin tana dafawa, da ita aka biya mana kuɗin makaranta mu shida, ni ce mai ɗebo ruwa da hura wuta tun ina firamare don haka bari in faɗa maka yadda muke yi a wajenmu, kowane gari da ɗan bambancinsa.

Na farko jiƙon kwana biyu ya yi yawa, kwana ɗaya ya isa kuma a canza ruwan, in ya daɗe dawar ta fara wari tun daga nan ka ɓata. Ka tsane ta ka baza a ɗaki mai inuwa ka lulluɓe da ganyen ayaba ko jiƙaƙƙen buhu, safe da yamma kana yayyafa ruwa kana juyawa da hannu don kada ta ɗau zafi ta yi fumfuna. Kwana huɗu, in da sanyi irin naku na Jos har biyar, sai ka ga saiwoyin sun sarƙe da juna in ka ɗaga sai ta taso kamar tabarma, ka tauna ƙwaya ɗaya ka ji zaƙi-zaƙi, to tsiro ya yi. Ka shanya ta bushe ƙamas sannan ka murje saiwar da ɗan kan da ya fito ka sheƙe su, kada ka niƙa da su. Mama cewa take yi su ke sa ciwon kai da ɗaci mara daɗi. Kuma a inji ka ce a ɓarza maka, ba laushi irin na tuwo ba.

Yanzu ga inda ka yi babban kuskuren. Ba a ɗora ƙullun gaba ɗaya a wuta. Za ka dama da ruwan sanyi a randa ka bar shi ya kwanta, sai ka kwashe ruwan saman nan garai-garai ka ajiye gefe, kada ya ga wuta. Na ƙasan mai kauri shi za ka dafa kana juyawa har ya yi kamar kunu, ka sauke ya ɗan sha iska sannan ka mayar masa da ruwan da ka ajiye. Nan da nan za ka ga kaurin ya saki ya tsinke, in ka lasa bayan wani lokaci za ka ji zaƙi kamar an sa zuma alhali ko ƙwayar sukari ba ka zuba ba. Ka bar shi ya kwana ya ɗan yi tsami kaɗan, washegari ka sake dafawa, wannan dahuwa ta biyu ita ce mai cin itace, awa da awanni ana kwashe kumfa. In fito kake so ka tace, in burkutu ce ka bar ta da kaurinta. Ta huce sosai sai a juye a tukunyar da aka saba yi a ciki ko a zuba ragowar ta jiya, ai da tsohuwar zuma ake magani. Tukwanen mama ba a taɓa sa musu sabulu ba, wata ƙanwata ta taɓa wanke ɗaya da omo wai tana gwaninta, ranar ta sha duka.

Kuma ba a rufe ta a kwalba ɗana. Burkutu abu ne mai rai, tana cikin tafasa da kanta ake sha, shi ya sa kake ganin kumfa na tasowa a ƙwarya. Yau ta nuna yau za a shanye, gobe ta fara juyawa, jibi sai dai aladu. Kai kuma ka kulle ta kwana biyar ƙarƙashin gado, me kake jira ban da tsami.

Danladi_Bukuru:

Kai Anti na gode, Allah ya ƙara girma. Wato ruwan saman nan shi ne sirrin? Ni da na ga ruwa ya taso sama har zubar da rabi na yi wai don ta yi kauri.

Anti_Laraba_Zonkwa:

Ka zubar?? Wayyo. Da kakarka na raye da ta bi ka da muciya.

Injiniya_Kakuri:

Abin da Anti ta faɗa daidai yake ɗari bisa ɗari, ni na yi aiki a kamfanin giya shekaru kafin in yi ritaya kuma abin da muke yi da manyan tankuna da ma'aunin zafi shi iyayenmu mata ke yi da randa da tafin hannu. Idan hatsi ya tsiro akwai wani sinadari da yake fitarwa wanda aikinsa ya narkar da sitaci ya mayar da shi sukari, yis kuma sukari yake ci ya fitar da barasa da iska. Matsalar dawa ita ce sitacinta ba ya nuna sai zafi ya haura digiri 70, shi kuma sinadarin a daidai wajen nan yake fara mutuwa. Shi ya sa ake raba su, sinadarin ya tafi cikin ruwan sama a ajiye, sitacin a dafa shi shi kaɗai, sannan a haɗa su lokacin da zafin ya sauko wajen digiri 60 zuwa 65. Kai ka tafasa duka ka kashe shi, dawarka mudu huɗu ta zama kunu kawai, sukarin nan kofi biyu shi kaɗai yis ya samu ya ci, iskar da ya fitar kuma ba ta da hanyar fita sai ta fasa kwalba. Maganar murje saiwa ma ba camfi ba ne, ɗanyen tsiron dawa yana da guba, makiyaya sun san wannan shi ya sa ba sa barin shanu su faɗa gyauron dawa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kwalbar da kuke saye ma akwai dawa a ciki. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, dole kamfanoni suka koma kan dawa da masara, aka sha wahala kafin a gane kanta, daga baya an ɗage hanin amma dawa ta riga ta zauna. Har su Maltina da sauran ruwan malt ɗin da ba barasa duk dawar arewa tana ciki. Su sun fi son fara da kaura, masu burkutu kuma ja.

Tsada kuwa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni komai ya tashi, sha'ir da hops (furen da ke ba giya ɗaci) da kayan gyaran inji duk da dala ake sayowa, ga dizal na janareta ga na tirela. Nigerian Breweries da ta fitar da Star tun 1949 ta yi asarar sama da naira biliyan 100 a 2023, a 2024 ta dakatar da aiki a masana'antunta biyu, ɗaya ita ce ta nan Kakuri wadda ke aiki tun 1963. A shekarar dai kamfanin giya na Birtaniya Diageo ta sayar wa Tolaram, masu Indomie, kasonta na Guinness Nigeria. In manya na kuka haka to ƙaramin da ke dafa 'yan ganguna kaɗan ya ya zai yi. Ku na Jos ma ai kun san labarin Rock, giyar da ake yi a garinku a da, yaran yanzu sai dai su ji a bakin iyayensu.

Bulus_a_Jamus:

Gaisuwa daga Bayern, kudancin Jamus. Kawu Injiniya ya gama magana, bari in ɗan ƙara kan tambaya ta uku tunda ni ma ina dafawa a kicin ɗina nan, lita 20 duk bayan wata biyu haka.

Ƙamshin lemo da mangwaron da ka ji Danladi mai yiwuwa ba lemo ba ne ba mangwaro ba, furen wata shuka ce mai yaɗo da ake kira hops, ita ce mai ɗacin kuma ita ce mai ƙamshin, irin wadda ka sha ina zaton nau'in da ake kira IPA ce don ita ake cika wa hops. Ba a nomanta a Najeriya sai ƙasashe masu sanyi, nan kusa da mu akwai yankin Hallertau in ka bi ta wajen da rani gonaki ne iya ganinka an kafa dogayen sanduna da wayoyi tana hawa. Kuma ba don daɗi kawai ake sa ta ba, tana hana ƙwayoyin da ke kawo tsami yaɗuwa, shi ya sa giyar kwalba ke yin watanni burkutu kuma kwana biyu. Nan Bayern tun 1516 suka yi doka wai giya ba a sa mata komai sai ruwa da sha'ir da hops, har yau suna alfahari da abin, rannan na ba wa wani maƙwabcina labarin burkutu ya ce wannan ba giya ba ce na ce masa kai ma taka a ƙauyenmu magani za a ɗauke ta.

Ita harkar kiraf daga masu dafawa a gida ta taso a Amurka, bayan shugaban ƙasarsu Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta haka a 1978, 'yan gareji suka zama kamfanoni. A gida Najeriya wanda aka fi sani shi ne kamfanin da ake kira Bature, sun fara a Abuja a 2017 kafin su koma Legas. Amma ni kullum gardamar da nake yi da abokaina ita ce in dai ma'anar kiraf shi ne mutum ɗaya ya dafa kaɗan da hannunsa, kowane gida da ɗanɗanonsa, masu sha sun san mai dafawa da suna, to maman Anti Laraba ta riga su duka, gwangwani da zane mai kyau kawai ta rasa.

In kana son irin ta kwalba mai garai-garai sai ka sami jarka mai tsabta, ka huda murfin ka sa tiyo, ɗaya bakin tiyon ka tsoma a kwalbar ruwa, iska ta fita amma kada ta shiga, ka jira sati biyu har kumfa ta daina fitowa ɗungurum kafin ka ɗura. Kuma tsabta, tsabta, tsabta, rabin aikin nan wanke-wanke ne. Sanyin Jos ma gata ne gare ka, wanda ke Lokoja sai ya nemi firij.

Malam_Sani_Fagge:

Salamu alaikum. Ni Musulmi ne ba na sha kuma ba zan ce wa kowa ya sha ba, taken ne ya ja ni na shigo na karanta. Abin da ya ba ni mamaki bayanin Anti na raba ƙullu biyu, wallahi haka mahaifiyata take yin kunun zaƙi, ta dama kaso mai yawa da tafasasshen ruwa ta bar kaɗan ɗanye da ta niƙa da tsiron shinkafa ko dankali, in ya ɗan huce ta haɗa ta rufe ya kwana, da safe ya tsinke ya yi zaƙi. Shekara arba'in ina sha ban san dalili ba sai yau da Injiniya ya yi bayani. Shi ya sa ma tsofaffi ke cewa kada a bar kunu ya yi kwanaki.

Sai dai ina jan hankalin masu karatu, Danladi a Filato yake. Wanda ke Kano ko Zamfara ko sauran jihohin da ke bin shari'a kada ya ce zai gwada, nan Hisba na kamawa kuma kowa ya sha ganin yadda ake fasa kwalabe a bainar jama'a.

Anti_Laraba_Zonkwa:

Malam sannu da zuwa, gaskiyarka. Mama ma ranar da ta dafa takan ɗebi na farkon nan mai zaƙi kafin ya juya ta ba mu mu yara, ba ya bugarwa ko kaɗan.

Ayuba_Tamale:

Mu nan Gana fito muke da shi, su suna cewa pito, daga Tamale har Bolga da Wa mata ne ke dafawa kuma a ƙwarya ake sha kamar can gida, na Dagaba da na Frafra ma ba ɗaya ba ne a baki. Na yi zama a Marwa ta Kamaru can kuma bilbil suke ce mata, a Burkina dolo. Duk jar dawa ce. Abin da nake so a gidan fito wanda babu shi a mashayar kwalba shi ne ɗanɗano, kafin ka biya sai an ɗan zuba maka ka ji, in ba ta yi maka ba ka wuce gidan gaba ba mai riƙe ka. Je ka ce wa na Wuse ya buɗe maka gwangwanin 4,000 ka ɗanɗana ka gani.

Yaron_Terminus:

To ba wanda ya amsa maganar araha fa, ni ita nake jira don aljihuna ya fi na Danladi rauni.

Anti_Laraba_Zonkwa:

Araha kam babu, in dai mudu huɗu za ka yi. Ka lissafa dawa, kuɗin inji, ruwa in saye kuke yi, sannan itace, in kuma gas za ka kunna na awa biyar to madam za ta kore ka da kai da tukunyar. Ga sati guda cur kana fama. Abin da zai fito kuma dole a shanye shi a kwana ɗaya ko biyu, kai kaɗai ba za ka iya ba sai ka tara abokai su sha kyauta. Masu sana'ar suna tsira ne don suna dafa buhu guda a manyan durom, wuta ɗaya ce, kuma dusar da ta rage su sayar wa masu aladu ko su ba nasu, sau da yawa ribar mama a dusar nan take ba a giyar ba. Shi ya sa a unguwarmu matan suka raba kwanaki, wannan Talata waccan Alhamis, mama ranar kasuwa, don kada biyu su dafa rana ɗaya ta kwana a hannunsu. Da kuɗin kwalba ɗaya yau za ka sha ƙwarya ka saya wa na kusa da kai har da canjin nama.

In don sha'awa za ka yi da tunawa da kakarka, yi abinka. In don tsimi ne nemi gidan da ke da tsabta ka je ka zauna a benci.

Injiniya_Kakuri:

Abu ɗaya zan roƙa, duk tsadar da kwalba za ta yi kada wani ya koma wa barasa mai ƙarfin nan, goskolo ko ogogoron da ba a san inda aka haɗa ba, ku na Jos kun fi ni sanin samarin da abin nan ya kumbura wa ƙafa da ciki. A 2015 mutane da dama sun mutu a Ondo da Ribas saboda ogogoro mai guba, wasu suka makance. Kuma Danladi ka tsaya a dafawa, kada wani ya zuga ka ka ce za ka turara ta ka tatsi mai ƙarfi, wannan wata harka ce daban.

Danladi_Bukuru:

Na dawo da rahoto bayan kwana tara. Na sake gwadawa da mudu biyu kacal, a tsakar gida da itace don an kafa mini dokar hana shiga kicin. Na bi yadda Anti ta ce, da na mayar da ruwan saman nan na ga ƙullun ya tsinke a gabana sai da na kira madam ta zo ta gani, ta lasa ta ce ƙarya nake na sa sukari. Ragowar ta jiya kuma wata mama a Gyel ta ba ni rabin kofi bayan ta gama yi mini dariya ita da kwastomominta. Ta yi kumfa, ta yi ƙarfi daidai, mu huɗu muka sha ranar Asabar, sai dai akwai ɗan warin ƙauri, ina jin ta kama a gindin tukunya lokacin dahuwa ta biyu da na tafi kallon ƙwallo. Anti wannan akwai gyara ko sai dai a kiyaye gaba?

Anti_Laraba_Zonkwa:

Babu gyara, in ta kama ta kama. Ƙwallon nan dai da ta hana ka koyo wajen kakarka ita ce har yanzu. Wani karon rage wutar, ka sami doguwar muciya ka ja kujera ka zauna, wayar ma ka bar ta a ɗaki.